Dogon Keken Malama Briskila

A wani ƙauye da ke gindin duwatsu, akwai wata mace mai tsoron Allah, sunanta Briskila. Gajeriya ce ƙwarai. In ta tsaya cikin mata a majami'a, kanta ba ya kaiwa kafaɗar kowa. In ta zauna a benci, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa. Tun tana yarinya ake tsokanarta, har abin ya daina damunta. Allah bai ba ta tsawo ba, amma ya ba ta baiwar koyarwa. Mace mai jikoki, wadda ba ta taɓa riƙe alli ba, in ta zauna gaban Briskila wata uku, sai ka ji tana haɗa baƙi da wasali, tana karanta sunanta da bakinta.

Kowace shekara, da zarar an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, sai Briskila ta rataya jakar littattafanta, ta shiga zagaya ƙauyuka uku da ke hayin rafi tana koya wa mata karatu. Wannan lokacin kaɗai mata suke da sarari. Ranar da ruwan farko ya sauka, kowace ta ɗauki fartanya, aji ya watse sai wata shekara. A ƙafa take wannan zagaye. Kafin ta isa ƙauyen ƙarshe rana ta take, rabin matan sun gaji da jira sun tafi ɗiban ruwa.

Ganin haka, sai matan ikkilisiya suka kai magana gaban dattawa, suka ce a saya wa Malama keke. Kowa ya yarda. Aka haɗa baiko, har da waɗanda suka kawo ƙwai da kwanon gyaɗa domin ba su da wani abu. Aka ɗora wa wani dattijo mai suna Filibus alhakin zuwa birni ya sayo. Shi Filibus dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar majami'a. Ba mugu ba ne a idon mutane. Yana da himma, yana kuma son a ce shi ya yi.

Ana gobe zai tafi, Briskila ta same shi, ta rusuna ta gaishe shi, ta ce, "Baba, ko in bi ka, in gwada keken da kaina?"

Ya ce, "Ki gwada me? Shekara talatin ina hawan keke. Zauna ki jira alheri, Malama."

Ranar Lahadi bayan sujada, Filibus ya turo keken tsakiyar fili. Baƙi ne wuluk, dogo, yana sheƙi, ga madubi, ga fitila, ga ƙararrawa har biyu. Ya hau ya zagaya majami'a sau uku yana kaɗa ƙararrawa, mata suna guɗa. Ya sauka ya ce ba a taɓa shigowa da keke irinsa wannan yankin ba, ikkilisiyoyin maƙwabta za su gani su san cewa nan ba a wasa da aikin Ubangiji. Sa'an nan aka kira Briskila.

Da ta tsaya kusa da keken, sirdin ya zo mata daidai haƙarƙari. Ta ɗaga ƙafa, ƙarfen tsakiya ya tare ta. Mata biyu suka ɗaga ta suka ɗora a kan sirdi, ƙafafunta suna lilo, tsakaninsu da feda kusan taƙi guda. Fili ya ɗauki dariya. Ita ma ta yi dariya, gama ba ta san abin da za ta yi da fuskarta ba.

Filibus ya ce, "Rashin sabo ne kawai. Ki yi ta hawa."

Ba wai ba ta iya keke ba ne. Tun tana budurwa ta koya da wani ƙaramin keke na ƙaninta. Saboda haka ta ce wa kanta lalle akwai dabara. Ta sa aka sauke sirdin har ya zauna a kan ƙarfe, duk da haka bai isa ba. Ta samo guntayen katako ta ɗaure a kan feda da roba. Ta kife turmi a ƙofar gida, a kansa take takawa ta hau. Sauka kuwa ita ce babbar wahala. Sai ta yi ta rarraba ido tana neman kututture ko dutsen da za ta dafa da ƙafa. In babu, sai ta karkata ta zube gefe, keken ya bi ta. Kan keken ya yi mata nisa, sai ta miƙe a kansa kamar mai leƙa rijiya. Yatsunta kuma ba sa kaiwa birki sai ta saki riƙo. Kafin mako uku, gwiwoyinta duk sun kuje, bayanta ya riƙe, tana isa aji a gajiye fiye da lokacin da take zuwa a ƙafa.

Sai ta tafi gidan Filibus. Ta daɗe tana gaisuwa kafin ta iya fitar da maganar. Ta ce, "Baba, keken nan ya fi ƙarfina. Ko za a iya mai da shi a samo gajere?"

Filibus ya dube ta, ya girgiza kai. Ya ce, "Malama, ina jin tsoro kada rashin godiya ya sami wuri a zuciyarki. Masu bishara nawa ne suke roƙon Allah dare da rana ya ba su irin wannan keke? Talakawa sun hana cikinsu sun ba da baiko domin ki. Yanzu in tashi in ce musu kin raina?"

Ta ce, "Ban raina ba, Baba. Ƙafata ce ba ta kaiwa."

Ya ce, "To, ikkilisiya ce ta yi kuskure ke nan? Je ki yi addu'a, ki binciki zuciyarki."

Briskila ta koma gida da nauyin zuciya. Ta shiga ɗaki ta durƙusa a kan gwiwoyin nan masu rauni, ta roƙi Ubangiji ya gafarta mata gunaguni. Ku ji fa! Wadda aka cuta, ita ce ta durƙusa tana neman gafara. Kashegari ta taka turmi ta sake hawa.

Haka ta yi ta fama har mako bakwai. Ran nan da safe tana saukowa gangaren da ya nufi rafi, katakon feda ɗaya ya kwance ya faɗi. Ƙafarta ta zame, keke ya kwasa da gudu. Ta miƙa yatsu ta kamo birki, ba su kai ba. Ta nemi ƙasa da ƙafa, ƙasa ta yi nisa. Keken ya doki dutse, ya jefa ta cikin kwazazzabo. Hannunta na dama ya karye, hannun da take rubutu da shi. Littattafan suka watse cikin ruwa. Matan da suka zo wanki su ne suka ɗauko ta a kan zane suka kai ta wurin mai ɗori.

Filibus ya zo gaisuwa. Ya zauna a bakin ƙofa ya ce, "Sannu, Malama. Ubangiji yana koya miki haƙuri ne. Da kin kama birki da wuri, da ba a kai ga haka ba." Da zai tafi, ya ce bari ya ɗauki keken ya gyara, ya ajiye a wurinsa kada ya yi tsatsa. Tun daga ranar, kowace safiya tana kwance tana jin ƙararrawar keken nan tana wucewa ta bayan danga, Filibus ya nufi kasuwa ko gona.

Mako shida ta yi ba ta fita. Magana tana zuwa mata ta bakin masu gaisuwa. Waɗansu sun ce an ba ta abin arziki ta kasa riƙewa. Waɗansu sun ce dama bai kamata a ba mace keke ba. A hayin rafi kuwa aji ya tsaya cik. Akwai wata tsohuwa a ƙauyen ƙarshe wadda ta sha faɗa cewa ba ta so ta bar duniya sai ta karanta ko da layi ɗaya na Maganar Allah da idonta. Ta riga ta san baƙaƙe duka, ta fara haɗa kalmomi, saura kaɗan. A mako na biyar aka aiko wa Briskila cewa an binne ta. Briskila ta juya fuska ga bango ta yi kuka, tana cewa laifinta ne, da ta iya riƙe keke da yanzu tsohuwar ta cika burinta.

Da aka kwance ɗori, ta shiga motar kasuwa zuwa birni domin ta sayo littattafai a madadin waɗanda ruwa ya ɓata. A hanyarta ta komawa tasha ta bi ta gaban wani shagon kekuna, ta tsaya tana kallo. Mai shagon wani dattijo ne mai furfura, ana ce da shi Malam Sabi'u, da tef ɗin awo rataye a wuyansa.

Ya ce, "Baiwar Allah, keke kike nema?"

Ta ce, "A'a, Malam, kallo kawai nake yi. Ni da keke mun raba gari." Ta nuna masa hannun, ta ba shi labari a taƙaice.

Malam Sabi'u ya ajiye sifanar da ke hannunsa. Ya ce, "Baƙi ne, mai madubi da ƙararrawa biyu? Wani dogon mutum ya saya?"

Ta ce, "Shi ne."

Ya ce, "Subhanallahi! Ashe ke ce malamar." Ya jawo mata benci ta zauna. Ya ce, "A nan ya saye shi. Na tambaye shi wa zai hau, ya ce wata malamarsu. Na ce yaya tsawonta? Ya sa hannu a nan, ƙasa da ƙirjinsa. Na ce masa, to, wannan da ka riƙe ba nata ba ne, zai ji mata ciwo. Na fito masa da wancan." Ya nuna wani gajeren keke kore a lungun shago. "Na ce ma ya koma ya zo da ke in auna ki, in gyara shi daidai jikinki. Sai ya yi dariya, ya ce shi ba zai shiga gari da keken yara ba, maƙwabta su ce iyakar abin da suka iya ke nan. Sau uku na faɗa masa. Ni ma da laifina, kamata ya yi in ƙi sayar masa."

Briskila ta ji wani zafi ya taso mata daga ciki har kunnuwa. Ashe Filibus ya sani. Ranar da ya tsaya a fili ana mata dariya, ya sani. Ranar da ta je gidansa tana neman kalmomin da ba za su ɓata masa rai ba, ya sani. Ya dubi idonta ya ce ta je ta binciki zuciyarta, alhali an riga an gaya masa sau uku. Ta tuna yadda ta durƙusa tana tuba a kan laifin da ba ta yi ba.

Malam Sabi'u ya bar ta har ta natsu. Sa'an nan ya miƙa mata alli, ya ce ta tsaya jikin bango ta yi alama daidai ƙugunta, ta miƙa hannu ta yi wata alamar inda yatsunta suka tsaya, ta kuma ɗora tafinta a kan katako ta zana kewayensa. Ya auna alamun da tef, ya jawo koren keken ya duƙufa. Keken ba shi da ƙarfen tsakiya, tayoyinsa ƙanana ne. Ya daidaita sirdi da alamar ƙugu. Ya kwance kan keken ya matso da shi baya. Ya cire ƙarafan feda ya sa gajeru. Ya lanƙwasa hannun birki kaɗan kaɗan, yana gwadawa da zanen tafinta, har ya zo inda yatsu za su kama ba tare da an saki riƙo ba. Yana aiki yana cewa, "Wannan ba keken yara ba ne. Ƙarfensa na manya ne, zai ɗauki buhun hatsi. Gajere ne kawai, kamar yadda mutane suke da dogo da gajere."

Bayan la'asar ya ce ta hau. Ta zauna a sirdi, ƙafafunta biyu suna ƙasa. Ta taka feda, keke ya tafi sumul. Ta matsa birki da yatsu biyu, ya tsaya, ta sa ƙafa a ƙasa. Ba turmi, ba katako, ba neman kututture. Ta zaci za ta yi murna, amma fushinta ne ya ƙaru. Ashe abin da sauƙi haka! Aikin da bai cika yini ɗaya ba, shi ne aka hana ta, har ta rasa rani guda.

Malam Sabi'u ya ce, "Tafi da shi. A dawo mini da dogon, mun yi musaya ke nan."

Ta ce, "Malam, ba ka san ni ba fa."

Ya ce, "Na san hannun nan, kayan shagona ne suka karya shi. Sauka lafiya, Malama."

Ranar Lahadi bayan an tashi sujada, dattawa suna zaune a inuwa tare da fasto, dogon keken yana jingine a bayan Filibus. Sai ga Briskila ta shigo fili a kan koren keke. Ta zo gabansu ta matsa birki, ta sa ƙafa a ƙasa, ta sauka ba wanda ya riƙe ta. Mutanen da suka fara watsewa suka dawo. Ta rusuna ta gaishe da dattawa ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan ta miƙe ta faɗi duk abin da mai shago ya gaya mata, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙarshe.

Fasto ya juya ya ce, "Dattijo, haka aka yi?"

Filibus ya gyara zama ya ce, "Mutuncin ikkilisiya na duba. Keke kuma duk ɗaya ne, in mutum yana da niyya."

Briskila ta turo koren keken gabansa. Ta ce, "To, Baba, ina roƙonka, hau wannan ka je rijiya ka dawo."

Ya ce shi ba yaro ba ne da za a yi wasa da shi. Fasto ya ce, "Hau mana, Dattijo. Kai ka ce duk ɗaya ne."

Ba yadda zai yi, ya hau. Da ya taka feda, gwiwarsa ta daki kan keken. Ya ware ƙafafu waje, keke ya shiga tangaɗi. Ya sake takawa, ɗaya gwiwar ta daku. Bai kai rijiya ba ya diro, yana murza gwiwa, fuska a murtuke. Ya ce da ƙarfi, "Wannan ai azaba ce! Ba a yi shi domin mutum irina ba."

Ba wanda ya yi dariya.

Briskila ta ce, "Ko rijiya ba ka kai ba, Baba. Ni mako bakwai na yi ina ƙetare rafi a kan naka. Da na zo na gaya maka, ka ce in je in tuba. Na kuwa je na tuba."

Filibus ya sunkuyar da kai. Dattawa suka yanke cewa washegari shi da kansa zai mai da dogon keken birni. Ya mayar. Amma iyakar abin da ya iya faɗa wa Briskila shi ne, in an ga ya yi laifi, a yi haƙuri. A cikin makon nan ruwan farko ya sauka, mata suka koma gona, karatun shekarar ya wuce. Da rani ya zagayo, Briskila ta koma hayin rafi a kan koren kekenta, har ta ƙara ƙauyuka biyu a kan ukun. Hannun dai bai koma kamar da ba. Har ta tsufa, in ta yi rubutu a allo na ɗan lokaci, sai ta tsaya ta sauke shi ya huta.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar wannan misali, manya da yara ku kasa kunne.

Keken nan shi ne duk wani abu da muke ɗora wa ɗan'uwa da sunan taimako, ko kyauta ce, ko aiki, ko shawara, ko doka a cikin gida. Filibus kuwa shi ne mutumin da yake auna kowa da tsawon kansa. Kada ku yi saurin cewa ba ku ba ne. Filibus bai saci baiko ba, bai sayo ruɓaɓɓen kaya ba. Ya sayo keke mafi kyau a shagon, amma mafi kyau ga wa? Ya hau ya ji daɗi, sai ya ce ya yi. Da yake zaɓa, ba Briskila ce a zuciyarsa ba, bakin maƙwabta ne a zuciyarsa. Kyautar da aka bayar domin a yabi mai bayarwa, ba ƙauna ba ce, ko da an yi mata guɗa a ƙofar majami'a.

Abin da ya fi ƙona mini rai a cikin labarin nan ba karayar hannu ba ce. Abin da ya fi zafi shi ne, da mace ta zo ta faɗi gaskiyar wahalarta, sai aka ɗauki sunan Allah aka toshe mata baki. Aka kira ciwonta rashin godiya. Hakika ina gaya muku, wannan zunubi ne mai nauyi, yana kuwa cikinmu. Uba yana da 'ya'ya biyu, ɗaya yana kama karatu da sauri, ɗaya sai an maimaita masa sau biyar. Uban ya ɗauki bulala ya ce na biyun malalaci ne, bai taɓa zama ya tambaye shi inda abin yake kakare masa ba. Muna da tsofaffi a nan waɗanda kunnensu ya yi nauyi, mun bar su a bencin baya shekara da shekaru, in sun yi gyangyaɗi mu ce ba sa son wa'azi. Sabon mai bi ya shigo jiya, yau mun ɗora masa abin da mu kanmu muka shekara ashirin muna koyo, in ya yi tuntuɓe mu ce dama bangaskiyarsa ba ta da saiwa. Wa ya auna su? Wa ya tambaye su? Mun ɗora su a kan dogon keke, mun koma inuwa muna jiran su saba.

Ku kuma lura da wanda ya yi daidai a cikin labarin. Ba dattijon ikkilisiya ba ne, mai shago ne da bai taɓa zama a bencinmu ba. Wannan ya isa ya ba mu kunya. Me ya yi da ya fi ƙarfinmu? Tambaya ya yi, ya saurara, ya auna, ya ba da yininsa. Haka Ubangijinmu yake yi da mu. Shi ya halicci dogo, shi ya halicci gajere, bai kuwa yi kuskure a kan ko ɗaya ba. Ya san iyakar ƙafar kowa da iyakar hannunsa. Ba ya jin kunyar ƙanƙantarmu a gaban maƙwabta. In shi da ya fi kowa girma yana sunkuyowa ya dube mu yadda muke, mu su wane ne da za mu ƙi sunkuyawa?

Kai kuma da kake a matsayin Briskila, kai da aka ɗora wa abin da ba naka ba har ka fara zargin kanka, ka ji wannan. Faɗin gaskiya cikin ladabi ba gunaguni ba ne. Kada ka tuba a kan laifin da wani ya yi maka. Ka je da girmamawa ka faɗa, in ba a ji ba ka sake faɗa a gaban waɗanda za su ji. Allah ba ya jin daɗin shirun da yake karya bayinsa.

Kafin Lahadi mai zuwa, bari kowa ya nemi mutum ɗaya da yake ƙarƙashin hannunsa, ɗa ne, ko mata, ko ma'aikaci, ko tsohuwar da kake ciyarwa. Ka zauna kusa da shi ka tambaye shi, "Abin da na ɗora maka, ya yi maka daidai?" Sa'an nan ka kame bakinka har ya gama magana. In ya ce bai yi ba, kada ka aike shi ya binciki zuciyarsa. Ka fara bincika taka, ka tashi ka gyara tun ƙashi bai karye ba.

Ubangiji ya ba mu kunnen ji da zuciyar gyarawa. Amin.